Zanen gawo a bakin Gulbin Maradi

Tambaya: Salamu alaikum malamai. Ina zana gawon bakin gulbi, amma sai ya fito ba rai. Ina matsalar take?

Amsa: Ƙanena, fara duba lokaci. Gawo da damina yake kaɗe ganye, da rani yake fitarwa. Ka sa masa ganye a tsakiyar hatsi tsaye, manomi dariya zai yi maka.

Amsa: Korensa ma ba shar ba ne. Haɗa launin haka: kashi 3 kore, kashi 1 fari, ɗan ɗigon jar ƙasa. Da hunturu hazo na cinye nesa, sai ka dusashe itatuwan baya.

Amsa: Je kafin ƙarfe 9 na safe, inuwa na da tsawo. Zana inuwa da baƙi zalla yana kashe hasken yashi, haɗa shuɗi da ruwan ƙasa.