Rage tsayin tsohuwar a-kori-kura Peugeot 504: ina neman shawara

Mai 504, Runjin Sambo:

Assalamu alaikum. Na gaji wata a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 daga wurin mahaifina, irin waɗanda aka haɗa a kamfanin PAN na Kaduna, kuma na riga na gyara injinta na sake mata fenti. Tun da ta daina ɗaukar buhunan albasa daga Wurno, bayanta ya ɗaga sama fiye da gabanta, ga girgiza idan ba kaya a ciki. Ina son in rage mata tsayi kamar inci uku domin ta zauna daidai. Wani mai walda ya ce zai gasa sifirin na gaba da wuta har ya kwanta, ya kuma zare falle biyu daga na baya. Kafin in ba shi motar, ina roƙon masu sani su faɗa mini ko wannan hanya ce mai kyau.

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari wuta ta taɓa sifirin ɗin nan. Ƙarfen sifirin an dafa shi ne a masana'anta ta yadda zai lanƙwasa ya koma yadda yake, kuma da zarar harshen wuta ya mai da shi ja, wannan ƙarfin ya tafi ke nan. Motar za ta ci gaba da zama ƙasa a hankali, gefe ɗaya ya fi ɗaya, kuma wata rana ƙarfen na iya karyewa kana cikin gudu. Zare falle kuwa yana sauke baya, amma yana rage nauyin da motar za ta iya ɗauka, sauran fallayen kuma su riƙa murɗewa duk lokacin da ka tashi da ƙarfi ko ka taka birki.

Ka leƙa ƙarƙashinta ka ga yadda aksil na baya yake zaune. Idan a kan sifirin yake, ana sa ɗan tubalin ƙarfe tsakaninsu, a ɗaure da sababbin yubol masu tsawo, wato lanƙwasassun ƙarafan da ke ɗaure aksil da sifirin, sai bayan ya sauka gwargwadon kaurin tubalin ba tare da an taɓa ko falle ɗaya ba, kuma ranar da ka canza ra'ayi sai ka cire shi. Idan aksil ɗin a ƙarƙashin sifirin yake, tubali ɗaga motar zai yi, don haka sai dai a kai fallayen wurin masu aikin sifirin su rage musu lanƙwasa da injin matsi, a sanyi. Sharaɗi ɗaya ne game da tubali: kada ƙarshen yubol ya sauko ƙasa da bakin ƙarfen ƙafa, domin idan taya ta fashe, shi ne zai fara cakar kwalta.

Inci uku ya yi yawa a ganina. Inci biyu, wato kusan santimita 5, ya isa a baya, gaban kuma ka bar shi yadda yake.

Direban Hanyar Illela:

Ranka ya daɗe, ni ban goyi bayan aikin ba ko kaɗan. Abin da ya sa 504 ta yi suna a ƙasar nan shi ne tsayinta da juriyarta a hanyar da ba kwalta. Ka tuna yadda ruwa ke kwanciya a Mabera da damina, ka tuna tudun rage gudu da ke gaban makarantu da kasuwanni, wanda wani ma jama'ar unguwa ne suka gina shi ba tare da awo ba. Salansa da kaskon baƙin mai su ne za su fara biyan kuɗin kwalliyar. Girgizar da kake ji kuwa ta sifirin mai ƙarfi ce da ba kaya a kansa, kuma tubali ba zai kawar da ita ba. Ka fara da sabon shokozoba da sababbin robobi, ka rage iskar tayoyin baya zuwa awon mota marar kaya, sannan ka gani.

Tsohon Bakanike:

Maganar direba a kan girgiza gaskiya ce. Amma idan Malam ya tsaya a kan ra'ayinsa, akwai abubuwan da ke biyo bayan saukewa waɗanda masu gaggawa ba sa dubawa. Tazarar da ke tsakanin aksil da shasi za ta ragu, saboda haka tsohon shokozoba na iya riƙa kaiwa ƙarshensa yana bugawa, sai an nemo gajere. Kwanciyar farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa aksil na baya, ita ma za ta canza, kuma idan ka ji motar tana rawa a wani gudu na musamman, to kuros, wato gaɓar farfelar, ne yake shan wahala, sai a sa siririn ƙarfe mai gangare a gyara zaman aksil.

Abin da ya fi damuna shi ne birki. Motoci da yawa na wancan zamani suna da wata 'yar na'ura a baya wadda ke auna yadda motar ta zauna, ta ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin birki idan an yi lodi. Motar da aka sauke, na'urar za ta ɗauka kaya ne a kanta alhali babu komai, sai tayoyin baya su riƙa kullewa kafin na gaba, kuma a kan titi mai yashi irin namu wannan yana juya mota. Dole a sake saita ta. Bayan haka a duba saitin ƙafafu, a kuma gyara fitilun gaba, domin saukar baya tana ɗaga haskensu zuwa idon mai tahowa.

Mai 504, Runjin Sambo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa maganar wuta da zare falle. Zan fara da shokozoba da robobi kamar yadda direba ya ce, idan kuma bayan ya ci gaba da damuna sai in tsaya a inci biyu. Baba Bakanike, shin tubalin ƙarfe ya fi, ko na alminiyam ma zai riƙe?