Allon laftof na ɗaukewa: zafin Saudiyya ne ko kuwa?

Ustaz Ɗan Zariya (Madina): Salamu alaikum jama'a. Laftof ɗina ta sa ni a gaba. Ina tsakiyar rubuta risala sai allon ya yi baƙi ƙirin. Fanka na juyawa, karatun da na kunna yana ci gaba, amma ba na ganin komai. Wani sa'in ya dawo da kansa, wani sa'in sai na rufe murfin na sake buɗewa. Wani mai gyara ya ce allon ne ya mutu, a canza shi ɗungurungum.

Baba Alhaji na Jarwal: Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka wahalar da kanka, zafi ne. Hajjin 2024 a nan Makka zafi ya kai digiri 51.8 a Harami. Mutum mai jini a jika ma faɗuwa yake yi, balle roba da ƙarfe. Ajiye ta gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ka ga ikon Allah.

Injiniya (Jidda): Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan kam ban bi ka ba. Zafi yana kashe kwamfuta, ba musu. Sai dai ba haka yake kashe ta ba. In ƙwaƙwalwarta ta doshi digiri 100, rage gudu take fara yi, ka ji fanka na kuka kamar injin markaɗe. In abin ya ƙi, sai ta kashe kanta gaba ɗaya, sauti da fanka da komai. Shi kuwa Ustaz ya ce karatu bai tsaya ba. Ashe kwamfutar tana raye, idonta ne kawai ke rufewa.

Hajiya Maman Khalil: Ni fa wutar ƙasar nan nake zargi. Ba a Kano ka sayo ta ba? An ce wutarsu daban da tamu.

Injiniya (Jidda): Daban ce Hajiya, ta Najeriya 50Hz, ta nan 60Hz. Amma a juya bayan cajar a karanta, za a ga 100–240V, 50/60Hz. Duka biyun tana ci.

Abu Yasir (Riyad): Kun tafi da nisa. Direban hoto ne, wato manhajar da ke tura hoto zuwa allo. In ya maƙale na daƙiƙa biyu, Windows na tayar da shi, a nan allon ke ƙiftawa. Ustaz, da zarar ya yi baƙi danna Windows da Ctrl da Shift da B lokaci guda. In ka ji ɗan ƙara hoto ya dawo, magana ta ƙare. Ka kuma leƙa Event Viewer, inda Windows ke rubuta matsalolin da suka faru, ka nemi lamba 4101, ita ce shaidar direban ya maƙale.

Baba Alhaji na Jarwal: Direba kuma? Motar haya ce? 

Injiniya (Jidda): Ɗan'uwa Abu Yasir, maganarka tana da ƙafa, amma ka lura da abu ɗaya da ya faɗa: sai ya rufe murfi ya buɗe. Akwai wata siririyar waya da ta taso daga babban faifan cikin kwamfuta (motherboard) ta bi ta cikin mahaɗin murfin ta hau bayan allo, yawanci mai haƙori 30 ko 40. Duk buɗewa da rufewa sai ta lanƙwasa. Shekara da shekaru sai wani zare a ciki ya tsinke, ko bakinta ya saki. Ustaz, gani ya kori ji, yi min abu uku. Haɗa ta da talabijin da wayar HDMI, ka ga ko hoton talabijin zai ɗauke tare da na laftof. In allon ya yi baƙi, haska shi da tocilar wayarka daf da gilashin. In ka hango rubutu dishi-dishi, fitilar bayan allo ce ke mutuwa. Sannan ka riƙa tura murfin baya a hankali kana kallo.

Malama Ummu Hafsa: Ku ƙara da wannan. Tawa ta taɓa yi min haka, ashe agogon hannuna ne mai maɗaurin maganaɗisu. Da na ɗora hannu a gefen madannai sai ta ɗauka an rufe murfi, ta yi barci. Sati biyu ina tofa mata addu'a.

Ustaz Ɗan Zariya (Madina): Ba na ɗaura agogo, Malama. To ga sakamako. Na samu talabijin a ɗakin wani ɗan'uwa: hotonsa bai ko girgiza ba, na laftof ya ɗauke sau uku. Maɓallan Abu Yasir sun yi ƙara, allo bai dawo ba. Tocila ba ta nuna komai ba. Amma da na miƙe murfin tsaye sai hoto ya dawo, na tura shi baya kaɗan ya sake ɗaukewa, har da wasu layuka kore.

Abu Yasir (Riyad): Na sallama. Direba bai san inda murfi ya karkata ba.

Baba Alhaji na Jarwal: Ni ban sallama ba. Me ya busar da wayar har ta tsinke? Ba zafi ba?

Injiniya (Jidda): Baba, in yana barinta a mota da azahar, zan ba ka rabin gaskiya. Amma mukayyif ba ya ɗinke waya. Ustaz, koma wa mai gyaran ka ce ya fara gwada wata wayar kafin ya taɓa allon, kuɗinta bai kama ƙafar na allo ba. Ka tsaya a kansa ya cire batir tukuna. In ya zare ta da wuta a jiki, fis ɗin fitilar na iya ƙonewa, gyara ya haifi gyara.

Hajiya Maman Khalil: Ka dai kwashe risalar nan ka sa a filashi kafin ka miƙa wa kowa.

Ustaz Ɗan Zariya (Madina): Na kwashe, Hajiya. Bayan la'asar zan je. Yanzu dai na tokare murfin da ƙamus, ina ƙarasa babi na uku.

Baba Alhaji na Jarwal: Ka kunna mukayyif ɗin dai.