"Allah ya ce tashi in taimake ka": wa ke fara motsi?

Ɗan Zonkwa: Jama'a ina da tambaya. Muna cewa "Allah ya ce tashi in taimake ka" ga ragon da ya ƙi neman na kansa. Jiya a ƙungiyar matasa wani ya kawo ta a kan maganar ceto, ya ce ai koyarwar Katolika ke nan a dunƙule: kai ka fara, Allah ya cika maka. Wani ɗan'uwa na ECWA da ya ziyarce mu ya ce to shi ya sa ake cewa mu Katolika muna sayen sama da ayyuka. Karin maganar ta dace da abin da muke koyarwa ko kuwa?

Maman Talatu: Ni dai ban ga laifinta ba. Wasiƙar Yaƙub a Littafi Mai Tsarki ba ta ce bangaskiya ba tare da ayyuka matacciya ce ba? Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Mutum ba ya zuwa Misa, ba ya duba mara lafiya, maƙwabcinsa na kwana da yunwa, sannan ya ce alheri ya ishe shi?

Baba Katikis: Mama, kin yi gaskiya a kan Yaƙub, amma yaron nan da ya ce "kai ka fara" ya kauce. A gona da kasuwa karin maganar daidai take. A kan ceto kuwa, idan aka ɗauke ta yadda take, tsohon kuskure ne da Ikilisiya ta riga ta yanke wa hukunci. Wani malamin Kirista na dā mai suna Filajiyus ya koyar cewa mutum zai iya kiyaye dokar Allah da ƙarfin kansa, aka ƙi koyarwarsa a taron bishop-bishop na Kartej, a Arewacin Afirka, a shekara ta 418. Bayansa wasu suka sassauta, suka ce to ba duka ba, amma takun farko na mutum ne, Allah sai ya tarye shi a hanya. Wannan ma taron Oranj a kudancin Faransa ya ƙi shi a 529: ko sha'awar ba da gaskiya, ko tunanin yin addu'a, daga alherin Allah suke. Katikisim, littafin koyarwar Katolika na 1992, ma ya faɗa a fili cewa ba wanda zai cancanci alherin farko da ke kai mutum ga tuba.

Ɗan Zonkwa: Baba, to ke nan mu jefar da ita?

Baba Katikis: A'a ɗana, ka sake sauraronta. Wa ya fara magana a cikinta? Allah ne. Ka tuna mutumin nan a Yohanna sura 5, shekara 38 yana fama da ciwo, ga shi kwance a bakin tafki, ba mai jefa shi cikin ruwa. Yesu ya ce masa tashi, ɗauki tabarmarka ka yi tafiya. Da ƙarfin tashin yana jikinsa, da bai yi shekara 38 cikin wannan hali ba. Umarnin ne ya zo da ƙarfin. Amma kuma ƙafafunsa ne suka taka ƙasa, hannunsa ne ya naɗe tabarmar, ba a ɗauke shi a kai ba. In za ka faɗi karin maganar da wannan fahimta, bismilla. Matsalar ita ce ba haka mutane ke nufi ba idan sun faɗe ta.

Ɗan Numan: Ni ɗan LCCN ne, cocin Lutheran, kuma bayanin Baba ya fi min daɗi fiye da yadda na zata. Amma bari in tsokana. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece ku, ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Ni karin maganar da zan zaɓa ita ce "zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi."

Maman Talatu: Ɗana, karanta aya ta 10 mana, kada ka tsaya a rabin hanya. An halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka.

Baba Katikis: Zakaran nan ma Katolika ba zai haɗiye shi da gashinsa ba. Babban taron Katolika na Tarent, a dokarsa ta Janairu 1547 kan baratarwa, wato yadda Allah ke mai da mutum mai adalci a gabansa, ya toshe ƙofa biyu. Wanda ya ce ayyukansa za su baratar da shi ba da alheri ba, an ƙi. Wanda ya ce mutum kamar gawa yake a hannun alheri, ba ya amsawa kuma ba ya iya ƙi, shi ma an ƙi. Zakaran Katolika yana iya rufe bakinsa. Waliyyi Agustin ya ce wanda ya halicce ka ba tare da kai ba, ba zai baratar da kai ba tare da kai ba.

Malam Sani: Ni musulmi ne, karin magana ce ta jawo ni. A wurinmu ana haɗa ta da tawakkali: ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Kuma akwai hadisi ingantacce cewa ba wanda aikinsa zai shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Ban ce magana ɗaya muke yi ba, tun da ku kuna rataya komai a kan mutuwar Almasihu. Amma Bahaushen da ya fara faɗin ta, ina jin rago yake kora zuwa gona, ba tauhidi yake karantarwa ba.

Ɗan Zonkwa: Malam ka ba ni dariya. To Baba, "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" fa? Allah hannu ɗaya, mu ɗaya.

Baba Katikis: Wannan ta fi ta farkon muni! Ka mai da Allah abokin gayya, shi rabi kai rabi. Filibiyawa 2:12-13 ta ce ku yi aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne ke aiki a cikinku, ku yi nufi ku kuma aikata. Hannun naka ma shi ke ɗaga shi.

Ɗan Numan: Kusan abin da aka sa wa hannu ke nan a Augsburg ta Jamus ranar 31 ga Oktoba 1999, tsakanin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya, wadda Akbishop ɗinmu Musa Panti Filibus ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023. Sun yarda cewa da alheri kaɗai ake karɓar mu, Ruhu Mai Tsarki kuma ya shirya mu ga kyawawan ayyuka. Inda har yanzu nake tirjewa shi ne maganar lada. Ku kuna cewa aikin mai bi yana da cancanta a gaban Allah, mu kunnenmu ba ya son kalmar.

Baba Katikis: Muna cewa haka, amma da sharaɗi: idan Allah ya saka wa aikinmu, kyautarsa yake naɗa wa rawani. Na san wannan bai gamsar da kai ba.

Ɗan Numan: Bai gamsar ba, Baba. Sai mun buɗe Romawa 4.

Maman Talatu: Ku buɗe. Ni dai gobe da asuba da ita zan tashi Talatu daga barci, ko taron Oranj ya yarda ko bai yarda ba.