Neman shawara: rijiyar gidanmu ta fara wari tun da damina ta kankama

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Rijiyar gidanmu ce ta fara wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai tun shigowar watan Agusta. Ruwan bai canja launi sosai ba, sai dai idan ya kwana a bokiti ana ganin ɗan baƙi-baƙi a ƙasa. Faɗinta mita ɗaya, tsayin ruwan da ke ciki kamar mita uku. Shaddar gidan tana tsakar gida ɗaya da ita, taku goma sha biyu. Maƙwabta sun ce mu zuba alif ko kalanzir. Muna da jaririya 'yar wata huɗu. Me ya kamata mu yi?

Mai yasar rijiya: Wa alaikumus salam Hajiya. Kalanzir kam kada ya kusanci rijiyar nan, haka Izal da Dettol. Idan suka shiga jikin bango sai an sha wahala kafin su fita, kuma guba ne. Alif laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Kafin a zuba komai a fara gano daga ina warin yake. A haska tocila mai ƙarfi da rana tsaka a duba saman ruwan: ɓera, kwaɗo, ƙadangare ko ɗan tsako da ya faɗa. Sannan a duba bango daga sama zuwa ƙasa. Idan kika ga wani gefe yana tsattsafo, ya yi duhu ko santsi, musamman ɓangaren da ke kallon shadda, to ta nan ƙazanta take shigowa. Idan kuna jan ruwa da sumo (injin jan ruwa da ake nutsarwa a rijiya) zuwa tanki, a ɗebo na guga a sansana, a ɗebo na famfo a sansana. Sau da yawa rijiya lafiyarta ƙalau, tankin ne ya shekara ba a wanke ba.

Injiniyan ruwa: Wannan warin na ƙwai wata iska ce mai sinadarin farar wuta, wasu ƙwayoyin halitta ne ke samar da ita a cikin taɓon da ya taru a gindin rijiya, inda iska ba ta kaiwa. Baƙin da ke kwanciya a bokiti kuwa haɗuwarta ne da ƙarfen da ke narke a ruwan. Ki gwada: ki zuba ruwan a baho ki bar shi a buɗe awa biyar ko shida. Idan warin ya tafi, ita ce. Idan ya rage yana tashi kamar kwata, maganar shadda ce.

Ni dai taku goma sha biyun nan ne ya fi damuna, don bai kai mita goma ba, alhali abin da ake so tsakanin shadda da rijiya mita 30 ne. Da rani ruwan ƙasa yana can ƙasa, da Agusta kuwa yana tasowa har ya taɓa gindin ramin shaddar. Shi ya sa matsalar ta zo da damina.

Gyaran haka yake. A kwashe ruwan, a yashe taɓon har a isa tsakuwa, a goge bango da buroshi, a toshe duk tsaga da siminti, musamman mita uku na sama. Idan ta sake cika ruwan ya kwanta, sai a sa kulorin. Rijiya mai faɗin mita ɗaya tana ɗaukar lita 785 a kowace mita, rijiyarku mai ruwa mita uku kusan lita 2,350 ke nan. Idan Hypo ko Jik ne mai kashi 3.5 cikin ɗari, marar turare, lita ɗaya da rabi ga kowace lita 1,000, wato kamar lita uku da rabi. Idan garin kulorin ne mai kashi 65 zuwa 70, giram 70 ga lita 1,000, kimanin giram 165. A dama shi a bokitin roba tukuna, a zuba yana bin bango, a yi ta jefa guga ana ɗagawa don ya gauraya. A rufe ya kwana, aƙalla awa 12, sannan a yi ta kwashewa har ƙaurin ya kusa ɓacewa. Kada a zubar da shi a gindin shuka ko a bai wa dabba, kuma kada a haɗa bilic da ruwan wanke bayan gida, hayaƙinsu yana kisa.

Mai yasar rijiya: Ranka ya daɗe ka tsallake abu guda, shiga cikin rijiyar. Rijiya mai irin wannan wari ba ta yaron gida ba ce. A buɗe ta tun asuba ta sha iska, a ɗaura reshe mai ganye a igiya a yi ta saukewa ana ɗagawa. Mai shiga a ɗaure shi da igiya, maza biyu suna riƙe a sama. Injin fetur ko janareto a ajiye shi nesa da baki, tiyo kaɗai zai sauka, don hayaƙinsa yana taruwa a ciki. Idan wani ya suma a ƙasa a jawo shi da igiyar, kada kowa ya bi shi.

Ma'aikaciyar lafiya: 'Yar uwa, daga yau a daina shan ruwan nan har a gwada shi. Idan dole ce a tafasa ya yi bororo na minti ɗaya, ko a sa maganin tsaftace ruwan sha irin su Aquatabs ko WaterGuard bisa awon da ke jikin kwalin, a jira minti 30. Amma jaririya daban take: ruwan da ke kusa da shadda yakan ɗauki sinadarin naitiret, tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi, kuma yana hana jinin jarirai ɗaukar iska. Nono zalla har wata shida ya ishe ta.

Mako ɗaya ko biyu bayan sa kulorin, ku je ɗakin gwaji na hukumar ruwa ta jiharku ku karɓo kwalbarsu, ku kai samfurin da sanyinsa cikin awa shida. Ku ce a duba E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, wanda ake so ya zama sifili a mililita 100, da naitiret, kada ya haura miligiram 50 a lita.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. To idan mun yi duk wannan warin ya dawo fa?

Injiniyan ruwa: Idan ya dawo cikin makonni kaɗan kuma gwaji ya nuna E. coli, kulorin ba zai riƙe ta ba Hajiya, domin ƙazantar tana ci gaba da shigowa ta ƙarƙashin ƙasa. Ko a kwashe shaddar a cike ramin a mayar da ita nesa, gefen gangare, ko a bar rijiyar ga wanki da shara a nemi na sha a wani wuri. Idan gwajin ya fito tas, sai a ɗaga bakinta ya kai ƙugu, a yi daɓen siminti mita biyu kewaye da ita mai gangara zuwa waje, a sa murfi mai ɗan bututun shan iska da raga a bakinsa, guga kuma a riƙa rataye shi kada ya taɓa ƙasa.