An ce jinina ya fara hawa, me zan gyara a cin abinci? Ku taimaka da shawara

Baban Walid, Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku taimaka min. Shekarata 43, ina da shago a kasuwar Sabon Gari, zama ne tun safe har magariba. Kwanaki ciwon kai ya matsa min ta ƙeya sai na tsaya kemis aka gwada ni aka ce 148/94, na je asibiti aka sake awo kusan haka ɗin dai aka samu, likita ya ce in dawo a sake dubawa kafin a yi maganar magani amma in rage gishiri in rage tumbi in riƙa motsa jiki. To faɗa a baki ba wuya. Ni abincina ba wani na ƙarya ba ne, da safe shayi da burodi wajen mai shayi wani lokacin da indomi da ƙwai, da rana shinkafa da wake da mai da yaji sai in kora da lemo mai sanyi, da dare tuwo a gida. Duk wanda na tambaya sai ya ce wai in koma cin tuffa da man zaitun da wasu abubuwan gwangwani, ni kuwa baki tara nake ciyarwa, a wannan marrar ina zan iya. Me talaka zai yi da abin da ke kasuwarmu?

Anti Nas, Samaru

Wa alaikumus salam Baban Walid, Allah ya ƙara lafiya. Bar maganar tuffa, gishirin nan da likita ya faɗa shi ne babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma fa ba wanda ake barbaɗawa kawai ake nufi ba, duka wanda ya shiga cikinka daga safe zuwa dare. Inda mutanenmu ke ruɗewa shi ne sun ɗauka magi daban gishiri daban, alhali dunƙulen nan kaso mai yawa na cikinsa gishiri ne. Sai ka ga an jefa biyar shida a tukunya ɗaya an kuma kawo gishiri an zuba, an zo ci an barbaɗa yaji wanda shi ma da magi da gishiri aka daka shi. Ga ɗan ƙullin da ke cikin ledar indomi, ga burodi shi ma da nasa duk da ba ka jin shi a baki. Kai duba abincin da ka lissafa ka gani, ba wanda babu.

Kada ku cire lokaci ɗaya, ba wanda zai ci abincin kuma rigima za ta tashi a gida. A rage kaɗan kaɗan, in shida ake sakawa a koma huɗu, bayan an saba a koma uku, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni har ka zo ka ci na waje ka ji ya yi maka gishiri. A ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa da ɗan busasshen kifi, su za su riƙe miyar.

Sai suga. Juya robar lemon ka karanta, da yawansu suna da wajen giram 10 a kowane 100ml, kenan roba 50cl ta kai giram 50, kusan ƙaramin cokalin shayi 12, wanda shi ne iyakar da aka ce kada a wuce a yini gaba ɗaya, an ma fi son a tsaya a rabin haka. Ba a lissafa na mai shayi ba fa, wanda in ba ka riƙe hannunsa ba sai ya juye maka ludayi guda ga madarar ruwa mai zaƙi a kai.

Ɗan Kwangila

Oga kada ka bari su tsorata ka wallahi. Zoɓo ba suga da tafarnuwa da safe shikenan, kuma ko sun rubuta maka ƙwaya kada ka fara don in ka fara ka shiga kenan har mutuwa, haka aka yi wa kawuna.

Anti Nas, Samaru

Ɗan Kwangila don Allah ka daina ba mutane wannan shawarar. Zoɓo ba laifi, ya sha ba suga, yana ɗan taimakawa, amma ba ya maye gurbin magani ga wanda likita ya ce ya sha. Ba ƙwayar ce ke kama mutum ba, ciwon ne ba ya tafiya, shi ya sa ake ci gaba da sha. Kuma hawan jini yawanci ba ya nuna alama, mutum yana yawonsa garau sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu, sannan a ce jifa ne. Baban Walid ranar da aka ce ka koma ka koma, ko da kan ya daina ciwo.

Hajiya Babba, cikin gari

Ɗana sannu, Allah ya yaye. Ni mamaki kuke ba ni yaran yanzu, kana Bazazzagi kana tambayar abincin lafiya kamar ba a gidan fate aka haife ka ba. Kanawa su yi ta tsokanarmu, mu dai mun san abin da muke sha. Faten tsaki a cika shi da rama da yakuwa da alayyahu a daka gyaɗa a zuba, mai ɗan kaɗan ko ma babu, ka sha kwano guda ka yi gumi ka tashi ba nauyin ciki. Ga kwaɗon zogale da ƙuli, ga dambu da ganye, ga miyar kuka da kuɓewa, ga ɗanwake amma ba wanda ake yi masa wanka da mai ba. Ganyen nan masu lambu a bakin kogin Galma suke kawowa da sassafe, ɗanye shar, kuɗin lemonka na kwana biyu ya sayi na gida duka. In kwaɗayin zaƙi ya taso ka nemi gwanda ko gwaiba ko kankana ko lemon ɓawo, wanda duk yake yayi a lokacin shi ya fi araha, ko yalo ka ajiye a shago kana ɗan tauna.

Amma ga inda nake so ka ji ni da kyau. Kada ka shiga gida ka ce wa maman Walid abincinki ne ya sa min ciwo, ka ɓata aikin tun ba a fara ba. Mace da miyarta ake yabonta, in ta rage magi aka ce girkinta ba daɗi ita za a zaga ba kai ba. Zaunar da ita ka nuna mata takardar asibiti, ka ce taimakonki nake nema. Kuma kada a ware maka tukunya, icce ko gas ɗin ma ina yake, ba ta ɗorewa, sati biyu an gaji. A gyara ta kowa, yaran ma gara su tashi da harshen da bai saba da gishiri ba. Tuwon dare kuma malmala ɗaya ta isa, miyar ta fi yawa, a ci da wuri ba sai za a kwanta ba.

Malam na Kongo

Ƙari a kan na su Hajiya, tafiyar ƙasa. Abin da ake so minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ka ji numfashi ya ɗan ɗaga. Daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari ba sai ka taka duka ba, sauka daga keke tun kafin ka iso ka ƙarasa da ƙafa, ko bayan asuba kafin rana ta yi zafi ka zaga unguwa. Kuma hadisin nan da muka haddace tun a islamiyya, kashi ɗaya na abinci ɗaya na ruwa ɗaya na numfashi, mun iya karanta shi amma in aka ajiye tire mantawa muke.

Baban Walid, Tudun Wada

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Hajiya kin gano ni, da yau ɗin nan na yi niyyar zuwa in yi faɗan magi. Lemo dai na ajiye daga yau, mai shayi kuma zan ce ya miƙo min sugan in zuba da hannuna. Anti Nas saura tambaya ɗaya, kanwa fa? Don gidanmu ba a dafa wake ko a kaɗa kuka ba ita.

Anti Nas, Samaru

Ita ma a rage, sinadarin sodiyam ɗin da ake gudu a gishiri akwai shi a kanwa. Waken a jiƙa shi tun dare, zai nuna da wuri ko ba ita.