Muhawara: littattahan waya karatu ne ko ɓata lokaci?

Mushen Zariya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da magana kuma na san wasu ba za su ji daɗinta ba. Waɗannan littattafan soyayya da ƴan matanmu ke bi a waya, yau shafi na 40 gobe na 41, ni a wurina ba karatu ba ne, kuma su ke cinye lokacin yaran da ke shirin jarabawar BEPC da BAC. Faransanci nake koyarwa a turwaziyam, ajin da ke rubuta BEPC, yarinya za ta shigo aji ido jawur, dibuwar, wato aikin gida, ba ta yi ba, amma da an fita shan iska ka ji su suna gardama wai ko Alhajin cikin labari zai saki uwargida. Shawarata iyaye su raba su da littattafan nan kwata-kwata.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam Mushe. Ni hwa ban yarda ba ko kaɗan. A CM2, ajin ƙarshe na firamare, anka hidda ni lakwal, kuma wallahi ranar da na bari ko wasiƙa ban iya karantawa da Hausa, hwaransancin ma haddace shi mukai ba mu san mi muke cewa ba. Littattahan Kano su sunka koya mini karatu. Yayana shina tuƙin mota Maraɗi zuwa Katsina, in ya biyo ta Jibiya da Ɗan Isa sai ya taho muna da su cikin leda, na 1 na 2 na 3, mu zauna ni da ƙannena muna haɗa baƙi har munka iya. Yanzu ni ka karanta ma maƙwabta saƙo in an turo musu. To in wannan ba karatu ba ne mi ne ne sunanshi?

Ɗan Bagalam: Tanti kin hwaɗi gaskiya. Mu maza ma mun karanta, ɓoyewa dai mukai kar a ce muna karatun mata

Mushen Zariya: Hajiya ina girmama maganarki, amma na zamaninku daban. Wancan littafi ne na takarda, yana da farko yana da ƙarshe, in kin gama na 3 shi ke nan kin rufe. Na yanzu ba ya ƙarewa. Marubuciya ta sako shafukan kyauta kamar goma ko ashirin, daidai inda labari ya ɗauki zafi ta tsaya ta ce a biya, a sa ki gurup ɗin kuɗi, kuma tunda da tsawon labarin take riƙe mutane ai ba za ta so ya ƙare ba, sai a yi ta ja, a kawo kishiya, a kawo aljani, a kawo haɗarin mota, a kawo wanda ya manta kansa. Yarinya kuma tana kwance waya a hannu har ƙarfe biyun dare tana jiran a sako.

Malam na Madarunfa: Mushe bari in sa baki. Wannan dabarar ta tsaida labari inda ya yi daɗi ba ƴan waya sunka ƙirƙiro ta ba. Magana Jari Ce da kowa ke yabo, na Abubakar Imam, littafi uku ne, sun fito tsakanin 1937 da 1939. Mi ke cikin na farko? Aku ne ke ba ɗan sarki labari bayan labari don ya riƙe shi cikin gida kar ya fita ya bi yaƙi, kullum sai ya ja shi da zance har lokaci ya ƙure. Kenan tun can an san labari shina riƙe mutum. Kuma rubutun ƙagaggun labarai na boko da Hausa ma ai da gasa ya faro, wadda anka shirya a Zariya ta Najeriya a 1933, daga nan Ruwan Bagaja ya fito. Su ma don a ja hankalin mutane su so karatu anka yi su. Ni damuwata ba jan labari ba ce, abin da ke cikinsa ne.

Ƴar Tasawa: Malam Allah shi saka da alheri. Ni ɗaliba ce a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma ina karanta su, ba ni ɓoyewa, kuma na samu BAC ɗina ina karanta su. Abin da ke ban haushi duk wanda ya tashi zagin littattahan nan in ka ce ya hwaɗi guda ɗaya da ya karanta daga farko har ƙarshe sai ya yi shiru. Akwai na banza, ƙwarai kuwa, akwai waɗanda ni kaina ina buɗewa nake gogewa saboda batsa. Amma akwai waɗanda ke magana kan auren dole, kan yarinyar da anka cire daga makaranta, kan matar da miji ya sako da ɗiya biyar ba ko sisi, abubuwan da ke faruwa cikin unguwanninmu kuma ba mai zama da mu ya yi muna bayaninsu. Ba a lakwal ba, ba a gida ba.

Maman Hanifa: Yawwa ɗiyata. Tun zamaninmu haka ne, Balaraba Ramat Yakubu ita kanta tana ƙarama anka yi mata aure, ta zo ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan karatun ɗiya mace. Mu da anka hidda daga makaranta mun san abin da munka ji da munka karanta shi

Mushen Zariya: Ƙanwata ke kin kai jami'a, kin san wanda za ki goge. Ni ina maganar ƴar shekara 13 da ke sizyam ko sankiyam, ajin farko ko na biyu na sakandare. Ita wa ke tace mata? Dokumen ɗin yana yawo daga waya zuwa waya, ba bango, ba a rubuta na manya ne ko na yara ba, wani ma ba sunan marubuci na gaskiya. A ƙasashen da harkar littafi ta zauna ana ware na matasa daban, a rubuta shekarun da ya dace. Mu nan labarin da matar aure ke karantawa shi ƴarta ke karantawa, a waya ɗaya ma wani lokaci.

Mai Shagon Caji: Nan kam Mushe ka taɓo gaskiya. Ni sana'ata caji da tura abubuwa a katin waya, bakin kasuwa nike. Yara na zuwa su ce in tura musu littahi, yanzu ma sun hi son wanda anka karanta da murya, su sa abin kunne suna wanke-wanke suna saurare, wasu a YouTube suke bi in suna da forfe, wato data. Akwai waɗanda na daina turawa don na saurara da kaina na ji abin da ba ni so ƙanwata ta ji. Amma in na hana, wani shago zai tura. Kuma ku sani hwa masu sauraren nan da yawa ba su iya karatun ba ne shi ya sa, ba lalaci ba ne.

Ɗan Bagalam: To wannan na murya shi kuma karatu ne ko ba karatu ba? Don in Tanti ta ce littahi ya koya mata haɗa baƙi, mai saurare ai ba abin da zai koya

Ƴar Tasawa: Yaya wannan tambaya ce mai kyau kuma ni nan nake tsoro. Na murya hira ce, kamar yadda ake karanta littafi a gidan rediyo mata su kewaye akwati, da daɗi amma ido bai aiki ba. In na murya ya kori na rubutu to hujjar Tanti ta tahi.

Malam na Madarunfa: Batun hanawa da Mushe ya kawo, a duba abin da ya faru Kano. Sun kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a 2001, a 2007 har ƙona littattafan soyayya anka yi a bainar jama'a zamanin gwamna Ibrahim Shekarau. Sun daina? Ba su daina ba. Rubutun ya bar takarda ya koma waya inda ba mai ganinsa, kuma abin da ke fitowa yanzu a ɓoye ya fi wanda anka ƙona muni nesa ba kusa ba. Lokacin takarda marubuci na da suna, ana sanin shagon da ke saida littafinsa, shina jin kunyar abin da zai rubuta. Ni ina karantar da yara allo da littattafan addini, ba mai son tarbiyya ta lalace kamata, amma na ga hani kaɗai bai gyara ba.

Mushen Zariya: Malam ban ce a ƙona ba. Na ce uba ya san abin da ke cikin wayar ƴarsa. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa mini batun jarabawa. Da faransanci ake rubuta BEPC, ba da Hausar Kano ba. Yarinyar da ta ba labari awa uku ta ba dikte, wato shifta, minti goma, ranar sakamako wa zai yi kuka?

Maman Hanifa: Mushe ni in tambaye ka, don Allah kar ka ji haushi. Yaran nan in sun aje wayar, wane littahi za su ɗauka? Kana da wanda za ka ba su? Ɗiyata Hanifa tun da ta shiga lakwal ban taɓa ganin ta zo gida da littahin labari ba, kaye na rubutu ne kawai da abin da ta kwahe daga allo. Ba ta ƙi karatu ba, abin karantawar ne babu. Na waya shi ɗai ne ya zo har ɗakinta kuma da harshen da take mafarki da shi.

Mushen Zariya: Ƙarancin littafi gaskiya ne, mu malamai mun fi kowa saninsa. Amma rashin abinci mai kyau ba ya sa a ce kowane abinci lafiya ne.

Ƴar Tasawa: Mushe akwai abin da kullum ake tsallakewa. A watan Maris na 2025 kundin tafiyar da ƙasa da anka sa ma hannu a Yamai ya ce Hausa ce harshen ƙasa, faransanci da ingilishi harsunan aiki. To su wa ke karanta Hausa a rubuce kullum a Maraɗi yau? Ba ƴan matan nan da ake zagi ba ne? Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida tun 1973 anka fara su a Damagaram, amma yawancinmu ba mu bi ta cikinsu ba, ni ban taɓa zama aji an koya mini ƙa'idar rubutun Hausa ba, a labaran nan na ga yadda ake rubuta ta, duk da su ma marubutan da yawa suna haɗe kalmomi yadda sunka ga dama. Kenan akwai dubban masu karatu a shirye, an bar su ba a ba su komai ba sai abin da ya tsallako daga Najeriya.

Ɗan Bagalam: Wannan shi ne ke ci mini rai ni. Duk labarin da ka buɗe Kano ne ko Kaduna ko Abuja, saurayi ɗan gidan minista, ya yi karatu Ingila, kuɗɗi naira miliyan kaza. Yaro na Bagalam ko Mokoyo ko Sabon Gari ya karanta ya ga rayuwarshi ba ta cikin littahi, sai ya ɗauka tashi ba rayuwa ba ce. Ina labarin ɗan kabu-kabu? Ina na yarinyar da ke tallan ƙuli-ƙuli tana zuwa lakwal? Ina na ɗan ci-rani da ya tahi Agadas ko Libiya ya bar amarya? Ga tarihi kuma, yadda Katsinawa sunka baro Katsina bayan jihadi sunka kafa Maraɗi, zamanin sarakuna Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, ga ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta ci tsohon gari har anka hau tudu anka sake gini. Wannan kaɗai ai ya isa littahi na 1 har na 5, kakanninmu na ba da labarin da baki amma ba wanda ya zauna ya mai da shi labarin da yaro zai bi.

Malam na Madarunfa: Ko Sarauniya ta Lugu da ta tsaya ma sojan Faransa a 1899, da faransanci Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinta a 1980. Yaran da ke jin Hausa zalla sai dai su ji a baki.

Mai Shagon Caji: Akwai ƴan Nijar masu rubutawa hwa, ina ganin su, amma da yawa sai su sa labarin a Kano su rubuta da Hausar can don masu saye sun hi yawa can. Kuma biyan ma wahala ne, marubuciya ta ce a tura naira ta banki, namu sai sun nemi wanda zai karɓa ta kamfanin tura kuɗi na Nita ko Amana ko su tura katin waya. Shi ya sa wasu ke jira a sato a watsa kyauta, ita kuma mai rubutun ta tashi a tutar babu.

Ƴar Tasawa: Ga gasar Hikayata ta BBC Hausa da anka fara a 2016 don mata marubuta, gajeren labari ake nema ba mai shafi ɗari biyu ba. Ni na fara gwada rubutu saboda ita. Kuma da Hausarmu nake yi, shina da munka da sunka, ba ni canzawa.

Mushen Zariya: In za a rubuta na yara daban, gajere, mai ƙarshe, wanda zan iya karantawa in sa hannu in ce ya dace da ƴar sankiyam, ni zan fara kai shi aji ranar da ba darasi. Amma wanda ke yawo yanzu ina nan kan bakana, kuma daga watan Afrilu har a gama jarabawa waya ta kwana ɗakin uwa.

Maman Hanifa: Ta kwana ɗakina na yarda, dama can nan take kwana. Raba ta da littahi ne ban yi. Abin da nike yi, duk wanda za ta fara ni ka fara karanta shahi biyar na farko, in na ga ba shi da kyau in ce a canza, kuma muna hirar labarin tare muna tuƙa tuwo, ta nan nike jin abin da ke ranta wanda da ba ta hwaɗa mini

Mushen Zariya: Hajiya ke kin iya karatu. Uwayen ɗalibaina fiye da rabi ba su iya ba, su wa zai duba musu?

Ɗan Bagalam: Ƴar Tasawa ki turo muna naki nan mu gani in kin gama, Mushe ya fara dubawa

Ƴar Tasawa: Saura babi biyu yaya. A Tasawa labarin yake, yarinya ce ƴar katriyam, aji na uku na sakandare, da babanta ke son ya aurar da ita bayan girbin gero. Mushe in na turo ka duba mini har da rubutun, ina da shakka kan inda ake raba kalmomi.

Mushen Zariya: Turo. Amma Malam ya duba Hausar, ni in duba ko ya dace da shekarunsu.