Musayar waƙa: Mu haye rafi ko mu jira rani?

Ɗan Ribah:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Jiya dattawan ikilisiya sun sake ɗage maganar tafiyarmu ƙauyen nan na hayin rafi ta wajen Wasagu, wai a jira hanya ta lafa, alhali shekara biyu kenan ba mai bishara a can tun da 'yan bindiga suka watsa mutane, yanzu sun fara komawa gona amma rumbu wayam. Mu matasa cewa muka yi a ɗebi rabin kuɗin rufin majami'a a sai dawa da magani mu kai da kanmu. Barci ya ƙi zuwa sai na rubuta wannan, ƙwar biyu ce, wato kowane baiti ɗango (layi) biyu, amsa-amo, wato sautin ƙarshen baiti, "wa".

Mun tara baiko na sayen kwano,
Can hayin rafi ana kwanan yunwa.

Shekara biyu babu mai wa'azi,
An bar tumaki babu mai kulawa.

Bitrus da ya ji "zo" cikin duhu,
Ya bar jirgi ya taka kan ruwa.

Mu ko muna zaune muna lissafi,
Har rana ta faɗi ba mu tashi ba.

Dattijon Dabai:
Ɗana na ji. Ina cikin waɗanda suka ce a jira, ba zan ɓoye ba.

Ka ambaci Bitrus, ɗana, na ji,
Ƙarasa labarin, kada ka tsaya.

Iska ta taso ya fara nutsewa,
Ba don hannun Yesu ba da ya sha wuya.

Mai gina soro da ƙirga ya fara,
Luka sha huɗu, duba, ba ƙarya.

Ni za a aika gidan mahaifiyarka,
In an tare ku a bisa hanya.

Mai Ganga:
Baba a gafarce ni amma sai na amsa.

Baba kana ƙirga tun bara waccan,
Har yau ba ka kai goma ba, kana tara.

Da Gowans da Kent sun jira rani,
Da wa zai kawo mana bishara?

Kwano ba ya jin yunwa, Baba, ko a damina ko a rani,
Yara ke ji, su ke kwana a kara.

Ku tuna fa a 1893 'yan mishan su uku suka sauka Legas, Gowans da Kent da Bingham, a 1894 biyu suka mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida, Bingham ya koma gida ya sake dawowa ya sake komawa da ciwo, sai a 1902 aka samu wurin zama a Pategi. Su ba su ƙirga ba ne?

Ɗiyar Mahuta:
Mai Ganga ka gama magana!! Wannan shi ne waƙa, sauran duk karatu ne.

Kawun Bena:
Ke kullum Mai Ganga, ko tari ya yi sai ki ce waƙa ce. Baitin Baba na ƙarshe ya fi duk abin da aka rubuta yau nauyi, wanda bai taɓa kai saƙon mutuwa gidan wani ba ba zai gane ba. Kuma yaro wannan tarihin mishan ɗin SIM ne da ya haifi ikilisiyar ECWA, mu nan ƙasar Zuru mishan ɗin UMS ce ta zo mana, ikilisiyar UMCA ta yanzu.

Malamin Hausa:
Kafin a yi nisa. Ɗan Ribah kai da bakinka ka ce amsa-amonka "wa" ne, baiti uku ka riƙe shi, na huɗu ka faɗa "ba". Ya karye. Mai Ganga kuma ɗangon nan na kwano ya ninka 'yan'uwansa tsawo, ba mai rera shi da numfashi ɗaya.

Ɗan Ribah:
Malam ana maganar masu yunwa,
Kai kana awon "ba" da "wa".

In harafi ne zai cika rumbu,
Auno mana mudu mu kai musu dawa.

Malamin Hausa:
Na yarda ɗana wannan ta zauna,
Ka ga da gyara ta fi daɗin rerawa.

Wanda ya kasa riƙe baiti huɗu,
Wata huɗu a daji zai iya riƙewa?

Ɗiyar Mahuta:
Haba Malam wannan ai cin fuska ne

Mai Ganga:
Malam ni da ganga nake auna waƙa ba da rula ba, je ka ji 'yan Sabon Rai, mawaƙan majami'a, ranar Lahadi, mai ba da waƙa zai ja ɗango yadda ya so 'yan amshi su tare shi kuma ba wanda ya taɓa cewa ta karye.

Malamin Hausa:
Waccan waƙar baka ce, kiɗa ke cike mata gurbi. Wannan rubutacciya ce ba ganga a nan, kari, wato awon ɗango, ne kaɗai ke riƙe ta, in ka ce ƙwar biyu to ɗango biyun su yi daidai.

Kawun Bena:
Malam na da gaskiya.

Ɗiyar Mahuta:
Kai ma ai dama ɓangaren dattawa kake shi ya sa

Mama Zumunta:
Sai yanzu na samu caji, na tarar kun bar ƙauye kuna faɗan harafi. Ƙauyen nan da kuke magana can aka binne cibiyata, da ƙafa muka fito da dare da jikoki uku a hannuna. Ban iya ƙwar kaza ba, ga tawa yadda ta zo.

Bulus ma an zura shi a kwando,
Bai ce bangaskiya ta hana shi gudu ba.

Nehemiya ya yi addu'a ya sa masu tsaro,
Bai ɗauki ɗaya ya yar da ɗaya ba.

Ku yara zuwa na kwana uku da hoto,
Ba shi ne mutanena ke jira ba.

Ku dattawa kun ce sai hanya ta gyaru,
Mu mata sau huɗu mun je, ba mu jira ku ba.

Eh sau huɗu, ranar kasuwa, da gishiri da sabulu a kai. In za ku je ku tafi da hantsi ku bar lasifika a gida, ku fara sauka wurin mai gari, kuma dawar nan ba ta 'yan majami'a kaɗai ba ce, maƙwabtanmu Musulmi tare aka kore mu tare muka kwana a makarantar firamare, duk wanda ya miƙo ƙwarya a zuba masa. Tambayata ɗaya ce, wa zai zauna?

Ɗan Ribah:
Mama kin ɗaure ni. Na yi shiru tun ɗazu ina addu'a.

Mama ni zan zauna har kaka,
In an ba ni ɗaki ko na kara ne.

Tsoro ina ji, ba zan ɓoye ba,
Amma wanda ya ce "zo" mai aminci ne.

Dattijon Dabai:
Ban san mata na zuwa ba, ba wanda ya gaya mana. Ranar Laraba zan mai da maganar gaban dattawa da bakina. Rabin kuɗin kwano har yanzu ban yarda ba, damina ba ta wuce ba kuma gefen mata na yoyo, kashi ɗaya cikin uku zan roƙa. Ɗana ka fara zuwa ka sanar da mahaifiyarka, in ta sa albarka to ka gyara babur, a bayanka zan zauna ranar da za a tafi.

Malamin Hausa:
Buhu ɗaya na dawa daga gare ni. Mama baitinki na ƙarshe ma ya ɗan yi tsawo.

Mama Zumunta:
Bar shi haka Malam. Ka kawo buhun gidana kafin Asabar, mai kai kaya ranar yake tashi.